Darasi na Shida: Kamun Kifin Bas a Tafkin Fork, Daga Bazara Zuwa Hunturu

A gabashin jihar Teksas ta ƙasar Amurka, tafiyar kilomita ɗari da ɗoriya daga birnin Dalas, akwai wani tafki da ake kira Fork, wanda aka samu bayan an datse wani reshe na kogin Sabine, aka kammala madatsar a shekarar 1980. Lokacin da ruwa ya cika kwarin ba a sare yawancin itatuwan wurin ba, saboda haka har yau kututturansu na nan tsaye a cikin ruwa, kuma a gindinsu ne kifin da za mu yi nazari a kansa yake fakewa. Sunansa bas mai babban baki. Jikinsa kore ne, da baƙin zane daga kai zuwa wutsiya, bakinsa kuwa ya wuce saitin idonsa, yana iya haɗiye ƙaramin kifi ko kwaɗo gaba ɗaya. Wanda ya san giwan ruwa zai ga kama a ƙirarsu da halinsu na farauta, sai dai bas bai kai giwan ruwa girma ba ko kusa. Dokar Teksas ba ta yarda a kama shi da koma ko raga ba, sai da fatsa kaɗai.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun farko shi ne jikin kifi ba ya riƙe ɗumi na kansa kamar na mutum ko na akuya. In ruwa ya yi sanyi jikinsa ya mutu, ya rage ci, in ruwa ya yi ɗumi ya samu kuzari. Don haka masuncin da ya san aikinsa yakan fara duba ma'aunin zafin ruwa kafin ya jefa fatsa, domin watan Maris na bana yana iya fin na bara sanyi, kifi kuwa ruwan da yake ciki yake bi.

A ƙarshen Fabrairu, sa'ad da zafin ruwa ya haura digiri 10 a ma'aunin Salshiyas, bas yakan baro zurfi ya nufi gaɓa. Ba ya zuwa kai tsaye. Yana bin tsofaffin hanyoyin rafukan da tafkin ya haɗiye, yana yada zango a bakin gangare ko gindin kututture, yana ci sosai, musamman wani jatan lande mai hannuwa irin na ƙaguwa. A wannan lokaci matan sun cika da ƙwai, sun fi kowane lokaci nauyi, shi ya sa masunta ke tururuwa zuwa tafkin daga jihohi masu nisa. Gaɓar arewa, wadda take samun rana sosai kuma iskar arewa mai sanyi ba ta dukanta, ita ce ke fara ɗumi, can ne ya kamata a fara nema.

Idan ruwa ya kai digiri 15 zuwa 18, galibi a Maris da Afrilu, sai a shiga lokacin zuba ƙwai. Namijin ne ke fara isa wuri marar zurfi, inda ruwa bai wuce gwiwa zuwa tsayin mutum ba, ya share ƙasa da wutsiyarsa har ya yi gurbi mai faɗin faifai ko fiye, kamar yadda karfasa take yi. Macen ta zo ta zuba ƙwai dubbai, ba ta daɗe ba ta koma zurfi, ta bar shi da gadi. Shi ne zai yi ta kaɗa ruwa a kan ƙwan don kada laka ta rufe su, ya kori duk abin da ya matso, har su ƙyanƙyashe cikin 'yan kwanaki, sannan ya ci gaba da tsare 'ya'yan. Mutum yana tsaye a kwale-kwale yakan hango gurbin fari tas a ƙarƙashin ruwa, da kifin yana kewaya shi. Kama shi a nan ba wuya, domin ko ba ya jin yunwa zai ɗauki koto da baki don ya fitar da shi daga gurbin. To amma da zarar an ɗaga shi, ƙananan kifaye sukan afka wa ƙwan nan take. A ganina wanda ya kama mai gadi ya sake shi a wurin ba tare da jinkiri ba, in kuwa zai iya haƙura ya wuce gurbin, ya fi.

Ga yadda ake sakin kifi ba a cuce shi ba. A jiƙa hannu tukuna, domin busasshen hannu yana goge santsin da ke kare fatarsa daga cuta. A kama leɓensa na ƙasa da babban yatsa da manuni, a tallafi cikinsa da ɗaya hannun idan babba ne, kada nauyinsa ya gurɗe masa muƙamuƙi. A zare ƙugiya, a mayar da shi ruwa a hankali, a riƙe shi har ya kaɗa wutsiya da kansa. A Tafkin Fork ma doka ta wajabta sakin duk bas da tsawonsa ya haura inci 16 amma bai kai 24 ba, wato kusan santimita 41 zuwa 61. Bas biyar ake yarda mutum ya tafi da su a rana, kuma ɗaya kacal daga ciki ne zai iya kaiwa inci 24 ko ya haura. Kenan masunci yana bukatar iya karanta awo kamar yadda yake bukatar ƙugiya.

Daga Yuni zuwa Agusta rana takan gasa saman tafkin har ruwan ya kai digiri 30. Ruwan sai ya rabu hawa-hawa: na sama mai zafi, na can ƙasa mai sanyi amma ba isasshiyar iskar shaƙa a cikinsa, kifi kuma ya tsaya a tsakani, kusa da tudun ƙarƙashin ruwa ko rassan itacen da ya nutse. Wasu sukan zauna a inuwar ciyawar ruwa. Da asuba da kuma dab da magariba sukan taso sama farauta, sai a ja musu kwaɗon roba a kan ciyawa. Da rana kuwa tanar roba ta fi aiki. Ana soke kanta da ƙugiya, a juyo bakin ƙugiyar a binne shi cikin jikin tanar don kada ya sarƙe a itace, a sa ɗan dalma a sama, a bar ta ta nutse, a riƙa ɗaga sanda kaɗan ana sauke ta. Sau da yawa ba a jin fizga, sai dai a ga zare ya motsa gefe, ko a ji nauyi kamar an kamo jiƙaƙƙen tsumma, a nan ne ake fizgar sanda da ƙarfi.

Kaka ba ta da wuyar ganewa. Ruwa ya fara hucewa a Oktoba, ƙananan kifaye masu farin jiki sun shiga rassan tafkin garke-garke, bas na biye da su. Inda aka ga tsuntsaye na shawagi suna faɗawa ruwa, can za a nufa da koto mai ƙyalli.

Hunturu shi ne lokacin da yawancin mutane ke ajiye fatsa, domin ruwa yakan sauka zuwa digiri 10 ko ƙasa da haka, kifin ya koma zurfi, ya taru wuri ɗaya, ba ya bin abin da ke gudu. Sai an kai koto gaban bakinsa, an bar shi ya daɗe, an motsa shi kaɗan. Mutum yana iya wuni cikin sanyi bai samu fiye da ɗaya ko biyu ba, amma waɗanda ake samu ɗin sukan zama manya. A watan Nuwamba na 1986 Mark Stevenson ya kama wata mace mai nauyin kilo 8 a wannan tafki, ya miƙa ta da ranta ga hukumar kula da namun daji ta jihar, da ita aka buɗe shirin karɓar manyan mata daga hannun masunta domin su yi ƙwai a wurin kiwo a zuba 'ya'yansu a tafkuna. A watan Janairu na 1992 kuma Barry St. Clair, wanda ya fita neman wani kifin dabam da ɗan ƙaramin kifi mai rai a ƙugiyarsa, ya jawo bas mai kilo 8 da kwata daga zurfin Tafkin Fork, kuma shi aka rubuta a matsayin mafi nauyi da aka kama a jihar Teksas.