Yadda Ake Amfani da Maganin Homon Don Bushewar Gaba Bayan Ɗaukewar Al'ada

Idan mace ta yi wata 12 a jere ba ta ga jinin al'ada ba, wanda yawanci yakan faru tsakanin shekara 45 zuwa 55, sinadarin estirojin, wato homon ɗin mata da jiki ke samarwa, ya riga ya ragu sosai a jikinta. Raguwarsa ce ke sa fatar cikin farji ta yi siriri ta bushe, sai ƙaiƙayi da raɗaɗi su biyo baya, saduwa ta koma wahala, ciwon mafitsara kuma ya riƙa dawowa. Zafin da ke taso wa mace da zufar dare sukan lafa da shekaru, amma bushewar gaba ƙaruwa take yi idan aka bar ta, shi ya sa nake ganin kunyar faɗa wa likita ba ƙaramar cuta take yi wa mata ba.

Ki fara da ganin likitan mata, ki bayyana masa komai, musamman idan kin taɓa yin sankarar mama ko ta mahaifa, ko daskarewar jini a jijiya, ko ciwon hanta. Idan kuwa kin ga jini bayan al'ada ta ɗauke, ko da ɗigo ne, sai an binciki dalilinsa kafin a fara kowane magani.

Idan damuwarki ta tsaya ga bushewa, abin da aka fi bayarwa shi ne estirojin na cusawa, mai zuwa a matsayin man shafawa, ko ƙaramar ƙwaya, ko zobe mai laushi da ake canzawa duk wata 3. Da man da ƙwayar, an saba sa su kowane dare na mako 2, sannan a koma sau 2 a mako, kuma lokacin kwanciya ya fi dacewa domin kada maganin ya zubo. Kada ki yanke ƙauna da wuri, domin cikakken sauƙi yakan kai wata 3, kuma alamomin sukan dawo idan aka daina. Kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini, saboda haka mata da yawa kan ɗauki shekaru a kansa bisa kulawar likita. Ki sani cewa wasu mayukan suna raunana kwaroron roba, sannan ki guji sabulu mai ƙamshi da wanke can ciki.

Maganin da ke ratsa jiki duka, na haɗiya ko na mannawa ko na shafa wa fata, shi ake nema idan zafi da zufa sun hana barci, yana kuma kare ƙashi daga rauni. Amfaninsa ya fi rinjaye ga wadda ba ta kai shekara 60 ba, ko ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba. Wadda mahaifarta ke nan dole a haɗa mata da furojestojin, wani homon mai kare mahaifa, domin estirojin shi kaɗai yana kaurara bangon mahaifa har ya iya jawo sankara. Bayan wata 3 da farawa ki koma a duba ki, daga nan kuma sau ɗaya a shekara.