Yadda za ka bi sawun tashin MINIX 3 daga kunna kwamfuta zuwa neman sunan shiga

A babbar manhaja irin Linux, kanel, wato zuciyar manhajar, yana ɗauke da direbobin na'urori, wato shirye-shiryen da ke sarrafa su, da tsarin ajiye fayil a cikin jikinsa. Tsarin ƙaramin kanel ya fitar da waɗannan duka waje, ya bar wa kanel karɓar siginar na'urori, da miƙa firosesa daga wannan shiri zuwa wancan, da isar da saƙo a tsakaninsu. Wannan ya haifar da matsala tun daga daƙiƙar farko: kanel bai san karatun faifai ba, shi kuwa direban da ya iya karatun yana kwance a kan faifan, kamar mabuɗin da aka kulle a cikin ɗakin da ake son buɗewa. Duk abin da za ka gani a lokacin tashi dabara ce ta warware wannan ƙulli, kuma a ganina babu inda ake ganinta ƙarara kamar MINIX 3, wanda Andrew Tanenbaum da abokan aikinsa na jami'ar Vrije da ke Amsterdam suka fitar a 2005, bayan MINIX na farko na 1987.

Ba sai ka taɓa kwamfutarka ta aiki ba. Ka saka QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfutarka, ka sauko da fayil ɗin ISO, wato kwafin faifan CD na girkawa, na MINIX sigar 3.3.0 ta 2014, ka ƙirƙiri faifan gwaji da umarnin qemu-img create minix.img 8G, sannan ka tayar da shi da qemu-system-i386 -m 512 -hda minix.img -cdrom, ka biyo da sunan fayil ɗin ISO da kuma -boot d. Idan ya tashi, ka shiga da sunan root, ka rubuta setup, ka amsa tambayoyinsa har ya gama. Daga nan ka kashe, ka sake tayarwa ba tare da ISO ba.

Matakin farko bai bambanta da na sauran manhajoji ba: BIOS, shirin da ke fara aiki da an kunna kwamfuta, yana karanta bayit 512 na farkon faifai, su kuma su kai ga manhajar tayarwa, wadda MINIX ya aro daga babbar manhajar NetBSD. Za ka ga jerin zaɓi da lokaci yana ƙirgawa. Ka bar shi ya wuce, bayan ka shiga sai ka rubuta cat /boot.cfg domin ka ga abin da zaɓin ya aikata. Layin yana da umarni biyu, load_mods da multiboot. Na biyun yana ɗora kanel, na farkon kuwa yana kwaso tarin fayiloli daga /boot/minix_default ya jibge su a RAM. Ka duba wannan folda da ls, za ka tarar da fayiloli masu farawa da mod da lamba, ɗauke da sunaye irin ds, rs, pm, sched, vfs, memory, tty, mfs, vm, pfs da init. Wannan shi ne guzurin tafiya. Manhajar tayarwa tana karanta faifai ne da taimakon BIOS, taimakon da zai yanke da zarar kanel ya karɓi ragama, saboda haka duk abin da ba a saka a guzurin ba, ba za a same shi ba sai an kai ga faifai ta wata hanya.

Da kanel ya tashi, yana shirya teburin shirye-shirye, ya ba kowane ɗan guzuri gurbi, amma ba ya sakin su gaba ɗaya. VM, mai kula da rabon RAM, shi ne na farko, kuma kanel da kansa yake shimfiɗa masa wuri, domin babu wani da zai yi masa. VM ne zai gina wa sauran nasu wuraren, kowa da katangarsa, ta yadda wani ba zai iya rubutu a cikin na wani ba. Bayansa sai RS, wanda shi ne shugaban ma'aikata: yana ba kowane shiri izininsa, ya aika masa saƙon farawa, ya jira amsarsa. Shirin da RS bai ba izini ba yana nan daskare.

A nan ne ya kamata ka tsaya ka yi nazari, domin har yanzu babu direban faifai a cikin guzurin. Abin da ke akwai shi ne memory, direban da aka cusa wa wani ƙaramin faifai na wucin gadi a cikinsa tun lokacin da aka harhaɗa manhajar. VFS, mai karɓar duk buƙatun fayiloli, yana ɗaukar wannan faifan RAM a matsayin tushen fayiloli, MFS, wanda ya san tsarin ajiye fayil na MINIX, yana karanta shi, sai init, shirin da ke tayar da sauran shirye-shiryen mai amfani, ya gudanar da fayil ɗin /etc/rc da ke ciki. Wannan rc ɗin gajere ne, aikinsa kuma ɗaya: ya roƙi RS ya tayar da direban pci, mai gano na'urorin da ke haɗe da kwamfuta, sannan direban faifan da ya dace, at_wini ko ahci ko virtio_blk. Da direban ya amsa, sai a duba lafiyar faifan gaske, a ɗora shi a matsayin tushe a madadin na RAM, a miƙa aiki ga /etc/rc na kan faifai. Idan tashi ya tsaya cak a wannan gaɓa, ka fara zargin cewa irin faifan da ka ba QEMU bai dace da direban da aka tayar ba, ka kuma duba abin da aka rubuta a rootdevname cikin /boot.cfg.

Sauran tafiyar ba ta da wuya. Ana tayar da direbobin sadarwa da sauran ma'aikata ɗaya bayan ɗaya da umarnin service up, init ya karanta /etc/ttys ya buɗe getty, shirin da ke neman sunan shiga, kalmar login ta bayyana. Kafin ka ci gaba, ka buɗe /etc/system.conf, fayil ɗin da nake ganin ya fi kowane bayyana hikimar tsarin: a ciki an rubuta wa kowane direba layin siginar da zai saurara, da ƙofofin na'ura da zai taɓa, da waɗanda zai iya aika wa saƙo. Direban sauti ba shi da ikon kusantar faifai, ko da kuskure ya shiga cikinsa.

Yanzu ka danna maɓallin F1, teburin shirye-shiryen kanel zai fito, ka nemi sunayen da ka gani a /boot/minix_default a cikinsa, ka lura da yadda yawancinsu ke zaune suna jiran saƙo. Sannan ka rubuta ps -ax, ka nemo lambar direban sadarwa, wanda a QEMU yawanci e1000 ne idan shi ka zaɓa lokacin setup, ka kashe shi da kill -9 da lambar. RS zai sami labarin mutuwarsa, ya tayar da sabo ta hanyar da ya bi lokacin tashi, a sanar da DS, ma'ajiyar bayanan ma'aikata, dawowarsa domin masu hulɗa da shi su same shi. Ka sake rubuta ps -ax, za ka ga direban ya dawo, ka gwada ping ka tabbatar sadarwa tana aiki.