Yadda na hana kauɗar tumatir yin baƙi

Tumatirin lambuna na bayan gida a Unguwar Rimi ya nuna lokaci guda, ya fi ƙarfin tukunya. Da na shanya a kan siminti sai ya yi baƙi, ƙasansa ya kama fumfuna, saboda ruwansa na kwanciya a ƙarƙashi.

Yanzu ina raba shi huɗu, in matse ruwan da 'ya'yan, in barbaɗa gishiri kaɗan. Sai in jera a ragar waya bisa bulo, bayansa a ƙasa, iska na ratsawa. Tsohon gidan sauro nake lulluɓawa saboda ƙuda da ƙurar hunturu, kafin magariba in shigar ɗaki.

Sai ya karye ƙas a hannu nake zubawa a kwalba mai murfi, don leda gumi take yi. Jansa na nan, miyarsa ba ɗaci.