Yadda Za Ka Raba Gidanka Da Ɓera Kafin Ya Jawo Maka Zazzabin Lassa

Da sanyi ya shigo aka fara ƙona daji, ɓeraye sai su yo cikin gari, kuma daga Disamba zuwa wajen Afrilu ne zazzabin Lassa yake fi kamari a Najeriya. Ciwon nan a garin Lassa na jihar Borno aka fara gano shi a 1969, har yau kuma Bauchi da Taraba da Edo da Ondo suna fama da shi duk shekara. Mai ɗauke da shi wani ɓera ne mai nonuwa da yawa, shi ko a jikinsa, yawonsa yake yi yana zuba ƙwayar cutar ta fitsari da kashi a kan abincinmu.

Na farko, rufe abinci. Wannan shi ne babba wallahi. Buhu ba ya hana ɓera komai, ni da idona na buɗe buhun masara a sitonmu na tarar da kashinsa baƙi-baƙi kamar ƙwayar shinkafa har cikin tsakiya, ga zarnin fitsari. Ka samu durom ko bokiti mai murfi ka juye hatsi da gari da garin kwaki, musamman garin kwakin nan tunda jiƙawa kawai ake a sha ba ya ganin wuta. Tuwon da ya kwana a rufe shi da kyau, da safe a ɗumama ya yi zafi sosai. Randa da tulu ma a sa musu murfi. Masu shanya masara da rogo da kuɓewa a bakin titi su bar shanyar ta kwana a waje, don Allah a ɗaga shanyar sama a kuma kwashe kafin magariba.

Na biyu, toshe hanya. Duba ƙasan ƙofa, bayan kicin, inda bututu ya ratsa bango, ka cusa soson ƙarfe ka bi da siminti. Bola a kai ta nesa da gida, ciyawar jikin katanga a nome.

Na uku, shara, nan ne mutane da yawa suke kuskure. In ka ga kashin ɓera kar ka ɗau tsintsiya ka hau shara a bushe, ƙurar da ke tashi ita za ka shaƙa, ta nan ma cutar tana shiga. Buɗe taga iska ta shiga, sa safar hannu ko leda, ka rufe hanci, ka haɗa bilic na wanki kofi 1 da ruwa kofi 9 ka jiƙa wurin, ka bar shi minti 5 sannan ka goge da tsumman da za ka yar. Bayan nan wanke hannu da sabulu.

Na huɗu, tarko ya fi min shinkafar ɓera nesa ba kusa ba, saboda yara da kaji suna iya tsintar gubar, ga shi ɓeran yakan je ya mutu cikin silin ya yi ta wari. Wanda tarko ya kama kar a taɓa shi da hannu, a ɗauke da leda a binne da zurfi. Sannan yaran nan da ke fita farautar ɓera da gafiya suna babbakawa, a hana su, wajen yanka da fiɗa jinin yake taɓa su.

Na ƙarshe, in zazzabi ya kama wani, an sha maganin maleriya kwana biyu uku shiru, ga ciwon kai da ciwon maƙogwaro da amai da kasala, to a bar zaryar kemis a tafi asibiti, a kuma faɗa wa likita akwai ɓera a gidan. Cutar takan ɗau har kwana 21 kafin ta nuna, kuma da wuri aka fara magani ya fi aiki, ba sai jini ya fara fita ta hanci ko dasashi ba. Mai ciki kam ko kwana ɗaya kar a jira da ita, don sau da yawa cikin ba ya tsira. Wasu da suka warke ma kurumta take biyo baya. Mai jinya kar ya taɓa jini ko amai ko fitsarin mara lafiya da hannu haka nan, a ware masa kofinsa da cokalinsa, a kira layin kyauta na hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta Najeriya, wato NCDC, 6232.