Babi na Tara: Karɓo Takardar Mutuwar Aure Daga Kotu

Wata ɗaliba a ajinmu na yamma, mai sayar da awara a Unguwar Rogo, ta yi kwana huɗu ba ta leƙo makaranta ba. Da ta dawo na ce mata lafiya? Ta ce lafiya lau, ɗaurin aurenta ne aka ɗaga. An sa rana, an sayi goro, an sanar da dangi na Bukuru da na Barikin Ladi, sai liman ya ce wa waliyyinta a kawo masa shaidar cewa auren farko ya mutu. Auren kuwa ya mutu tun shekara shida baya, a gaban alƙali. Takardar da aka ba ta a lokacin ta adana ta cikin kwalla, ɓera da danshin damina suka gama da ita.

Ba ita kaɗai ba ce. A garin nan na Jos mutane da yawa sun rasa takardunsu ba don sakaci ba. Wasu sun ƙone a rikicin 2001, ko na 2008, ko na 2010. Wasu ambaliyar 2012 ce ta tafi da su a Rikkos da Gangare. Amma in kotu ce ta raba auren, takardar da ke hannunki ba ita ce uwa ba. Uwar tana can cikin littafin kotu, kuma kina da haƙƙin neman kwafinta.

Kalmomin yau

Mu karanta su gaɓa-gaɓa, sannan mu haɗa: ma-ga-ta-kar-da, ha-ti-mi, sam-ma-ci, ra-sit, hu-kun-ci, fa-yil.

Magatakarda shi ne jami'in da ke riƙe da littattafan kotu da fayilolinta. Za ku ji ana ce masa rajistara, duk ɗaya ne. Hatimi shi ne tambarin da ake buga wa takarda. Sammaci kuwa takardar kira ce da kotu ke aika wa wanda ake ƙara.

Wace kotu za a nufa?

Kotun da ta yi shari'ar, ita da kanta. Kowace kotu da nata littafin. In a kotun yanki ta Kasuwan Nama aka raba auren, kada a je Bukuru ana nema, kuɗin Keke Napep ne kawai za a yi asara. Wasu kan ce ai alƙalin da ya yi mana shari'a an canja masa wurin aiki, ko ya yi ritaya, ko ya rasu. Wannan ba ya hana komai. Alƙali ba ya tafiya da littafi gida, wanda ya gaje shi a kujerar ya gaji littafin.

Auren Musulunci da auren gargajiya kotun yanki ce ke duba su. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana ɗaukaka ƙara, har magana ta kai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Jihar Filato, ko takwararta ta al'adun gargajiya. In shari'arku ta hau sama haka, to hukuncin kotun da ta yi magana daga ƙarshe shi ne mai aiki, shi za a nema.

In a gida aka yi sakin fa?

A nan ne aka fi ruɗewa, don haka mu ɗan zauna a kai. Mafi yawan saki a cikinmu ba ya zuwa kotu. Miji ya furta da baki, ko ya yagi takarda daga littafin makarantar yaro ya rubuta layi biyu, ko a zamanin nan ya turo saƙo ta waya. A addini sakin ya auku. Amma kotu ba ta san an yi ba, magatakarda kuma ba zai ba ki kwafin abin da ba a taɓa rubutawa a littafinsa ba. Ko wuni za ki yi kina roƙonsa, babu.

Abin yi shi ne a shigar da ƙara ta neman alƙali ya tabbatar da sakin. Za a aika wa tsohon mijin sammaci. In ya zo ya amsa cewa ya yi, magana ta ƙare, a rubuta. In ya musa, sai a nemi takardar da ya rubuta da hannunsa, ko mutanen da aka yi abin a gabansu. Shi ya sa nake cewa kada a raina wannan 'yar yagaggiyar takarda, komai munin rubutunta, komai zafin da zuciya take yi ranar da aka miƙo ta. Na san mata da suka yayyaga ta don haushi, daga baya mijin ya ce shi bai taɓa saki ba. Alƙur'ani ma, a aya ta 2 ta Suratuɗ Ɗalaƙ, ya ce a kafa shaidu biyu adilai. Mu ne muka mayar da abin na cikin ɗaki.

In kuwa matar ce ta kai ƙara, ta fanshi kanta ta hanyar hul'i, ko alƙali ya raba auren saboda cutarwa ko rashin ci da sha, to wannan yana cikin littafi tun ranar da aka yanke hukunci.

Abin da za a riƙe

Lambar ƙara ita ce kan gaba. Tana jikin sammaci, tana jikin rasit ɗin kuɗin shigar da ƙara, in akwai ɗaya daga cikinsu da ya tsira. In babu, a tuna shekara da wata. Wanda bai riƙe shekarar Bature ba ya tuna da abin da ya faru a lokacin: da azumi ne, ko bayan Babbar Salla, ko shekarar zaɓen 2019, ko lokacin kullen korona na 2020. Sai cikakken sunan matar da na mijin yadda aka rubuta su a kotu, ba sunan da ake kiran mutum da shi a unguwa ba. Sai katin ɗan ƙasa ko katin zaɓe. A tafi da safe, ranar aiki. Juma'a ba ranar zuwa neman tsohon fayil ba ce.

Ga yadda ta kasance da ɗalibar nan ranar da yayanta ya raka ta. Mutum uku su tashi su karanta, kowa ya ɗauki murya ɗaya.

"Salamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina kwana?"

"Wa alaikumus salam. Lafiya lau, Malam. Me ke tafe da ku?"

"Ƙanwata ce. A nan aka raba aurenta, takardar ta lalace, muna neman wata."

"Baiwar Allah, kina da lambar ƙara?"

"Babu, Yallaɓai. Amma ina goyon autata aka yi shari'ar, yanzu tana aji ɗaya a firamare. Bayan Ƙaramar Salla ne da kamar mako biyu."

"To, kin rage mana aiki. Ke kika kawo ƙara ko shi?"

"Ni ce."

"Ku rubuto takardar nema, ku biya kuɗin kwafi a karɓi rasit. Littafin shekarar yana sito, sai an tono shi. Ku dawo ranar Laraba."

"Yaya, tambaye shi ko da hatimi za a ba mu."

"Ina jin ki ai. Wadda babu hatimi me za ki yi da ita?"

Ku lura, da bakinta ta amsa tambayoyin. Rakiya tana da kyau, amma mai shari'a ita ta san shari'arta, kuma ita ko wanda aka yi shari'ar da shi ko lauyansu aka fi saurin saurara.

Takardar nema

Ga samfuri. Ba ta buƙatar dogon Turanci ko kirari.

Zuwa ga Magatakarda,
Kotun ...................., Jos.

Ranka ya daɗe,

Ni ce ...................., mai ƙara a shari'a mai lamba ...................., tsakanina da .................... An yanke hukunci ranar ........ ga watan ...................., shekarar ........ Ina roƙon a ba ni kwafin hukuncin mai hatimi, tare da takardar shaidar mutuwar auren. Na gode.

Sa hannu, lambar waya, kwanan wata.

In an ce da Turanci ake so, masu buga takardu da kwamfuta za su juya muku ita. Amma a sa su karanta a fassara kafin a sa hannu. A yi biyu, a miƙa ɗaya, a riƙe ɗaya.

Kuɗin kwafi yakan danganta da yawan shafuka. Ko nawa ne, a karɓi rasit. A bakin kowace ma'aikata ba a rasa masu cewa kawo in shigar miki, na san mutanen ciki. Ƙofar magatakarda a buɗe take, ba ta buƙatar ɗan tsakiya. Wadda ba ta da halin ɗaukar lauya kuma magana ta cije, akwai hukumar gwamnatin tarayya mai ba da agajin lauya kyauta, akwai kuma ƙungiyar mata lauyoyi da ake kira FIDA.

Kafin a fito daga ofishin

Kada murna ta sa a naɗe takarda a cusa a jaka. A tsaya a karanta, ai don irin wannan rana muke zuwa aji. Dokar Shaida ta 2011, sashe na 104, ta faɗi abin da ke mayar da kwafi abin dogara: a rubuta a jikinsa cewa kwafi ne na gaskiya, a sa kwanan wata, jami'in ya sa hannu da sunansa da muƙaminsa, a buga hatimi. Irin wannan kwafin ne ma'aikatan kotu da lauyoyi ke ce wa CTC. Fotokwafi tsurarsa ba ya cin wannan suna.

Sai a duba suna harafi-harafi. In katin ɗan ƙasa ya ce Hauwa'u, takardar kotu ta ce Kulu, mu nan mun san mutum ɗaya ce, amma ma'aikacin da ke zaune a ofis a Abuja bai sani ba, sai an yi takardar rantsuwa. Gara a gyara tun ana wurin. A duba ranar hukunci, domin da ita ake lissafin idda in alƙali ne ya raba auren: tsarki uku ga mai ganin al'ada, wata uku ga wadda ta daina, mai ciki kuma sai ta haihu. A duba ko an rubuta saki nawa ne. Ɗaya da uku ba ɗaya ba ne ranar da dattawa suka zo maganar kome. In hukuncin ya taɓo riƙon yara da kuɗin ciyar da su, a tabbata wannan shafin yana ciki, don shi ne aka fi komawa kotu a kansa.

Auren rajista

A ajin nan akwai 'yan'uwanmu Kirista na Tudun Wada da Jenta, ga naku. Auren da aka ɗaura a ofishin rajistar aure, ko a cocin da ke da lasisi bisa dokar aure, Babbar Kotu ce kaɗai ke iya kashe shi, a ƙarƙashin dokar 1970 ta shari'o'in aure. Kotun yanki ba ta da hurumi, mai unguwa ba shi da shi, dangi ma haka. Hukuncin kuma hawa biyu ne. Na farko na wucin gadi ne, sai bayan wata uku yake zama na dindindin. Wanda ya riƙe takardar farko ya je ya sake aure kafin lokacin, da igiyar wani auren a kansa ya yi. A nemi takarda ta biyu a wurin magatakardan Babbar Kotu, a lalubi kalmar absolute a jikinta.

Aiki

Kowa ya kwafi takardar nema a littafinsa, ya cike guraben da sunayen ƙirƙira, kada a sa na maƙwabta. Sannan a lissafa: an yanke hukuncin wucin gadi ranar 10 ga Maris, a wane wata zai cika wata uku? Mako mai zuwa kowa ya zo da takarda ɗaya mai hatimi daga gida, ko ta haihuwa ce, ko rasit ɗin makaranta, mu nemo kwanan wata da sa hannu da muƙamin wanda ya sa hannun.