Yadda na gyara ajiyar fasuwod a manhajar tikitin ofishinmu

Manhajar da muke shigar da ƙorafin kwastomomi ashe da MD5 zalla take ajiye fasuwod, wato tsohuwar hanyar juya fasuwod zuwa jerin haruffa da ake kira hash, masu fasuwod iri ɗaya hash ɗinsu ma iri ɗaya ne a databes (rumbun bayanai), duk wanda ya sace teburin da suke ciki ai ya gama da mu. Tunda da yaren PHP aka rubuta manhajar sai na koma password_hash na PHP mai amfani da bcrypt, hanyar hash mai wuyar fasawa, tun 2013 yake nan fa. Tsofaffin hash ɗin MD5 na naɗe su cikin bcrypt, in mutum ya shiga sai a sabunta nasa. Wahalar ita ce gurbin ajiyar harafi 32 kawai yake ɗauka, hash ɗin bcrypt kuwa 60 ne, yana ta guntule shi kowa ya kasa shiga. Na faɗaɗa shi zuwa 255, shikenan.