Yadda za ka ga raƙuman dawa da dorina a wuni ɗaya daga Yamai

Da farko dai kar ka tashi sai ka tambayi halin tsaron hanya wajen jandarma, tun harin da 'yan bindiga suka kai a Kure, garin raƙuman dawa, a 2020 ba a wasa da wannan, in sun ce a dakata to ka dakata.

In hanya ta yi kyau, tun daren jiya ka zuba lasansi a kat-kat, ka ɗau kartidantite, ruwan sha da yawa da hula. Bayan sallar asuba ka kama hanyar Doso, Kure wajen kilomita 60 ne.

Can ka ɗauki ɗan jagora na garin, shi ya san inda raƙuman suka kwana, da damina suna kan tudu, da rani kuma sai sun gangara kwarin Dallol Boso. In kun gansu a kashe mota, ka sauka a hankali, ban da ihu don Allah. Za ka ga uwa ta miƙa wuya tana zaro ganyen gawo da dogon harshenta ɗanta na laɓe a gefe, wallahi ni duk zuwa sai jikina ya yi sanyi, irinsu su kaɗai suka rage a Afirka ta Yamma.

Kafin azahar ka juyo Yamai, ka ci abinci ka huta.

Da la'asar sai bakin kogin Isa wajen ƙauyen Bubon da ke kusa da Yamai, ku gama ciniki da mai kwalekwale kafin ka shiga, ka sa rigar ruwa. Dorina kunnuwa da hanci kawai za ka fara gani, ka ce ma matuƙi ya tsaya nesa, mai ɗa ba ta da haƙuri ko kaɗan. Ku fito kafin magariba.